Da'awa, Shaida, Sa'an Nan Hukunci

Ku 'yan'uwa da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanku, kuka fito kuna karanta wasiƙunku da kanku, da ku na ke magana. Waɗansunku suna da 'ya'ya a makarantun sakandare, waɗansu kuwa himma ta ɗebe su har sun ɗaura niyyar zaman jarrabawar da kansu. To, ina da ƙara da zan kawo gabanku, ga ta kuwa a taƙaice. Hanyar da a ke koya wa yara da yawa amsa tambayoyin adabin Hausa a wannan yanki namu, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, hanyar faɗuwa ce. Ana koya musu su haddace labari su je su juye shi a takarda, alhali kuwa abin da mai jarrabawa ya ke nema shi ne yaro ya tsaya a kan magana guda, ya kare ta da hujja. Hanyar da ta dace kuma ba sai an aiko mana da ita daga Ingila ba. Tana nan a zauren alƙali tun zamanin kakanninmu, mu ne dai ba mu waiwaya ba.

Bari in kawo misali, don kada maganar ta tsaya a iska. Cikin littattafan da Ofishin Talifi na Zariya ya fitar bayan gasar da aka yi a 1933, watau su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, akwai wani ɗan ƙarami mai suna Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa da R. M. East suka rubuta. Shekara da shekaru ana karanta shi a makarantu. Ga wanda bai taɓa karantawa ba, ga gundarinsa. Wani saurayi Abubakar yana son wata yarinya Zainabu, ita ma tana sonsa. Sai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya shigo da dukiyarsa, aka juya al'amarin, ya aure ta. Ta haifa masa ɗa namiji, ana ce da shi Kyauta. Abubakar kuwa ya ƙulla abin a zuciya, ya bar gari, ya sha wuya a dawa wajen neman mugun magani, ya samo, ya komo ya lalata yaron da shi. Kyauta ya tashi ɓarawo gagararre, har daga ƙarshe ya zama sanadin ajalin ubansa.

Yanzu a ce mai jarrabawa ya rubuta: tsakanin Malam Shehu da Abubakar, wa ya fi laifi cikin lalacewar Kyauta? Kawo hujjojinka daga littafin.

Ku zo ku ga abin da ɗan hadda zai yi. Zai fara da cewa adabi madubin rayuwa ne, ya bi da ma'anar adabi, da rabe-rabensa, na baka da rubutacce. Sa'an nan ya shiga tarihin marubutan, ya yabe su, ya yabi littafin, ya ce yana ƙunshe da darussa masu yawa. Shafi guda ya tafi ke nan, bai taɓa tambayar ba. Daga nan sai ya ɗauko labarin tun daga farkonsa, kamar mai yi wa yara tatsuniya a dandali, yana bi daki-daki, wane ya ce wance ta ce. Yana tsakiyar dawa tare da Abubakar, ko komowa gida ba su yi ba, sai a ce saura kaɗan a karɓi takardu. Gabansa ya faɗi, ya rubuta layi biyu a gaggauce, ya ce kowa dai yana da nasa laifi, Allah ne Masani, Allah ya kiyashe mu da son zuciya. Ya fito yana ta murna wai ya cika shafi huɗu. Ran da sakamako ya fito kuwa sai a ce mai duba takardar mugu ne, ko kuwa an yi wa yaron asiri. Haba jama'a! An tambaye ka wa ya fi laifi, ka ce kowa. In da alƙali ne ya yanke irin wannan hukunci a kan gonarka, ai kafin azahar ka ɗaukaka ƙara.

Duk wanda ya taɓa zama a gaban alƙali, ko da rakiya ya je, ya san yadda shari'a ke tafiya. Ba a barin mai ƙara ya fara da tarihin kakansa. Abin da a ke fara tambayarsa shi ne, mece ce da'awarka? Sai ya ce, ina ƙarar wane, ya shigar mini gona daga wajen tsamiya zuwa bakin rafi. Magana guda, mai iyaka, wadda muhuti zai iya rubutawa cikin layi biyu. In da'awar ba ta fito sarai ba, alƙali ba ya ci gaba, zama ba a gina shari'a a kan abin da ba a san kansa ba. Bayan da'awa sai a ce ina shaidunka, don kowa ya sani a shari'armu nauyin kawo hujja a wuyan mai da'awa ya ke. Shaidun kuma ba a tara su su yi ta magana baki ɗaya kamar 'yan kasuwar kaji. Ɗaya-ɗaya a ke shigo da su, kowa ya faɗi abin da ya gani, a bincika adalcinsa, a ba abokin shari'a dama ya soke shi in yana da abin suka. Sa'an nan, kafin a yanke hukunci, sai a yi abin da malamai ke kira i'izari, watau a juya ga wanda hukunci zai hau kansa a tambaye shi, kana da sauran magana? Sai an ji ta, an ga ba ta rushe shaidun ba, kana alƙali ya yanke.

To, wannan shi ne tsarin insha'in muhawara, ba ragi ba ƙari. Abin da malaman makaranta ke kira gabatarwa, ita ce da'awa. Kowane sakin layi na tsakiya shaida ne guda. Sakin layin da ke gaban na ƙarshe i'izari ne. Kammalawa kuwa hukunci.

Mu koma kan Kyauta, mu ga yadda mai hankali zai bi. Layinsa na farko zai ce, ko da ya ke Malam Shehu ne ya fara tsokano fitinar, Abubakar ya fi shi laifi cikin lalacewar Kyauta, saboda niyyarsa, da kuma wanda ya zaɓa ya cuta. Shi ke nan, ya gama gabatarwa. Mai duba takarda ya riga ya san inda aka dosa, hankalinsa ya kwanta.

Sa'an nan ya shigo da shaida na fari, watau niyya. Malam Shehu ɗa ya ke nema, bai shiga neman auren don ya halaka kowa ba. Abubakar kuwa takanas ya bar gida don neman abin cutarwa, tafiyar kuma doguwa ce, mai wahala, wadda ta isa a ce zuciya ta huce a hanya, amma ba ta huce ba. Nan sai yaron ya ƙara abin da yawancin 'yan makaranta ke mantawa, watau ya faɗi abin da shaidar ta nuna: wanda ya yi wannan doguwar tafiya bai fasa ba, ba za a ce fushin farat ɗaya ne ya ɗebe shi ba, ganganci ne. Wannan ɗan ƙarin shi ne ran sakin layin. Kawo abin da ya faru cikin littafi kaɗai bai isa ba, kamar yadda ba ya isa a shigo da shaida ya tsaya shiru a gaban alƙali. Sai an sa shi ya yi magana a kan da'awar.

Sai shaida na biyu, a nasa sakin layi dabam. Wa Abubakar ya cuta? Malam Shehu ne ya ƙwace masa mata, amma a kan yaro ya sauke fushinsa, yaron da ko cikinsa ba a ɗauka ba sa'ad da aka yi masa laifin. In akwai na uku a kawo shi, in babu a tsaya a biyu. Ban ga dalilin da waɗansu malamai ke tilasta wa yara lalle sai hujja uku ba, har yaro ya ƙago ta uku gurguwa don cika lissafi. Shaidu biyu adalai sun ishi alƙali a yawancin shari'u, shaidan zur guda kuwa ya isa ya ɓata su duka. Ni a ganina kuma, a fara da hujjar da ta fi ƙarfi. Na san akwai masu cewa a ɓoye ta sai ƙarshe don a rufe da ita, wannan dabara ce mai kyau ga mai wa'azi wanda ba wanda zai katse shi. Ɗan jarrabawa kuwa agogo na bisa kansa, bai san inda za a ce ya ajiye alƙalami ba.

Saura i'izari, nan ne kuwa na fi son ku tsaya ku saurara, domin nan ne a ke gane wanda ya iya da wanda ya yi hadda. Yaron zai juya ya ce, mai kare Abubakar zai iya cewa, da Malam Shehu bai sa dukiya ya raba masoya ba, da duk wannan bai faru ba, saboda haka tushen ɓarnar a wajensa ya ke. Ya faɗi wannan hujja da ƙarfinta, kada ya rage mata kome, ya ma yarda cewa lalle an zalunci Abubakar. Sa'an nan ya amsa: wanda aka zalunta yana da hakki a kan wanda ya zalunce shi, amma ba shi da hakki a kan ɗan da bai ji ba bai gani ba. Daga nan hukunci ya zo da kansa, cikin layi uku ko huɗu, ba tare da an shigo da sabon shaida ba, don ba a kiran shaida bayan an yanke shari'a.

Ku lura fa, wani yaron a kujerar da ke kusa yana iya cewa Malam Shehu ne ya fi laifi, ya jera nasa shaidu, ya yi wa Abubakar uzuri, ya amsa suka, shi ma ya ci makinsa cif. A irin wannan tambaya ba gefen da ka ɗauka a ke dubawa ba, yadda ka tsare shi a ke dubawa.

Na sha jin waɗansu dattawa suna cewa wannan jayayya a rubuce ɗabi'ar Turawa ce, mu ba mu gaje ta ba. Ina ba su girmansu, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Bayan da mutanen jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu Laminu na Kanem, wanda ya tsaya wa Barno, ya rubuto wasiƙu zuwa ga shugabannin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana tambayar dalilin da ya sa a ke yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Ya kafa hujja da cewa saɓo dabam, kafirci dabam, kuma irin laifofin da a ke zargin Barno da su ana samunsu a sauran ƙasashen Musulmi, har Masar. Muhammadu Bello, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, ya mayar da amsa, ya kafa tasa hujja a kan taimakon da Barno ta ba sarakunan Hausa da ke yaƙar jama'ar. Ba ni ne zan raba wannan gardama ta manya ba, ba kuma ita ta kawo ni ba. Abin da na ke so ku gani shi ne, sa'ad da Bello ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba. Ya sa ta cikin littafin nasa, kana ya amsa. Don haka ne ma har yau mu ke iya sanin abin da Shehu Laminu ya ce. In mutum kamar Bello bai ji tsoron rubuta hujjar abokin gabansa da hannunsa ba, ana kuwa tsakiyar yaƙi, mene ne zai sa a koya wa ɗan aji shida cewa ambaton ɗaya gefen zai rage masa maki?

Akwai kuma masu kare hadda, su ma suna da abin faɗi. Su kan ce da hadda muka tashi, da ita aka yi malaman da mu ke taƙama da su. Gaskiya ne. Ni ma da allo na fara kafin in ga bencin firamare, ba kuwa zan raina abin da ya raine ni ba. Amma a tuna abin da a ke haddacewa a makarantar allo. Maganar Allah ce, wadda ba a ƙara mata wasali ba a rage, saboda haka hadda ita ce hakkinta. Shi kansa almajirin, in ya sauke ya shiga makarantar ilmi, ya ɗauki Risala ko Tuhufa a gaban malam, ai tambaya a ke yi, a kawo mas'ala, a ce wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa, ga abin da ya fi rinjaye. Labarin Abubakar da Zainabu kuwa mutane biyu ne suka zauna suka ƙaga shi don a karanta a yi tunani. Wanda ya ba shi irin haddar da a ke ba Littafin Allah ya ɗora shi inda ba wurinsa ba, ya kuma hana kansa amfaninsa. Haddar da ke da amfani a nan kaɗan ce: sunayen mutanen littafi, da wanda ya yi abu, da abin da ya riga wani. Wannan kam a riƙe shi da kyau, don shaidan da ke rikita sunaye ba a karɓarsa.

Hujjar da ta fi ba ni wuya ita ce ta kunya. Mun yi wa 'ya'yanmu tarbiyya kada su yi musu da na gaba, kada su ɗaga ido su ce wane ya yi kuskure. Yaron da ya shekara goma sha bakwai ana ce masa yi shiru, ba abin mamaki ba ne in hannunsa ya yi rawa ran da aka ce ya yanke wa dattijo kamar Malam Shehu hukunci. Ba na cewa a zubar da ladabi, Allah ya sawwaƙe. Amma mai ƙara ya kan durƙusa a gaban alƙali, ya cire takalmi, ya ce Allah ya gafarta malam, duk da haka ya faɗi da'awarsa ba ya tauna ta. Ladabi a murya ya ke da zaɓen kalma. Noƙe-noƙen da ke sa yaro ya ƙi faɗin matsayinsa, 'yan mata ma abin ya fi kama su, wannan tsoro ne aka sa masa rigar ladabi.

Masu cewa a cika takarda kuwa, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a nan Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, da goro da gyaɗa ya yi arzikinsa, ban kuwa taɓa jin an ce wani mai sayen gyaɗa ya biya kuɗin tsakuwa don ta ƙara wa buhu nauyi ba. Mutanen Tudun Wada su tambayi masu sayen shinkafarsu ko ana auna ƙaiƙayi. Mai duba jarrabawa yana da tulin takardu a gabansa, ƙwaya ya ke nema, in ya yi ta tonon ƙaiƙayi bai same ta ba sai ya wuce.

Amma fa laifin ba na yara ba ne, ba kuma duka na malamai ba ne, don malamin da aka tara wa aji maƙil ba shi da sukunin karanta insha'in kowa ya gyara. Babban mai laifi shi ne ɗan ƙaramin littafin nan na tambaya da amsa da a ke sayarwa a bakin makarantu da tashoshin mota. Wani ya karanta littafin, ko kuwa shi ma ya ji a bakin wani, ya taƙaita, ya shirya amsoshi, yaro ya saya ya haddace bai taɓa buɗe ainihin littafin ba. A zauren alƙali ana bambanta wanda ya ce na gani da wanda ya ce an ce. Yaron da ya dogara ga irin wannan takarda ɗan an ce ne. Muddin aka juya tambayar kaɗan, aka ce a yi maganar Zainabu maimakon Abubakar, sai ya tsaya cak, ko kuwa ya juye amsar da ya haddace a kan tambayar da ba tata ba. Hukumar WAEC tun 1952 ta ke wannan aiki, NECO kuma tun 1999, masu shirya tambayoyinsu sun san waɗannan takardu sarai, sun kuma san yadda za su kauce musu.

Wani zai ce, to, duk wannan dogon bayani a kan jarrabawar yini guda? A'a. Aikina na akawu ya sa takardun koke da yawa sun bi ta hannuna, na gona, na gado, na neman a gyara hanya ko rijiya. Na ga takardar mai gaskiya wadda ta cika shafi uku da gaisuwa da kirari da tarihin unguwa, har mai karatu ya gaji bai gane abin da a ke roƙo ba, aka ajiye ta a ƙasan tuli. Na kuma ga ta wanda hakkinsa bai kai na wancan ba, amma ya faɗi bukatarsa a layin farko, ya bi da dalilai a jere, ya riga ya amsa abin da za a ce masa, aka biya masa bukata cikin mako. Ruwan Tiga, tun da aka gama madatsar a 1974, da an sake shi haka nan da sai dai ya ci gonaki, amma da aka yi masa magudana ga shi yana shayar da su Kadawa da rani. Maganar mutanenmu tana da yawa, tana da daɗi, magudana ce ba a yi mata ba.

Saboda haka ga abin da na ke roƙonku, ku da kuka san zafin rashin karatu kuka kuma ɗanɗana daɗinsa. Ba sai kun san adabi ba kafin ku taimaki 'ya'yanku, tun da kun san shari'a. Ku nemi ainihin littafin da aka sa musu, ku sa yaro ya karanta muku shi da dare, babi-babi. In ya kai ƙarshe kada ku ce ya maimaita muku labarin, kun riga kun ji. Ku ce masa, cikin mutanen nan wa ya fi laifi? In ya ce wane, ku ce ina shaidarka, a wane wuri cikin littafin? In ya kawo, ku ɗauki ɗaya gefen da gangan ku yi ta ja da shi, ku ga ko zai tsaya. Kashegari ku sauya, ku karɓi gefensa ku ba shi naku. Sa'an nan ku ce ya rubuta, amma kafin ya fara, ya ɗauki 'yar takarda dabam ya sa da'awarsa cikin layi guda, shaidunsa a ƙarƙashinta kowanne da kalma biyu ko uku, da sukar da ya ke tsammani a can ƙasa. Haka zai yi a ɗakin jarrabawa cikin 'yan mintocin farko, sa'ad da na kusa da shi suka duƙufa suna rubuta ma'anar adabi. In kuwa kuka tambaye shi shaida ya ce a takardar tambaya da amsa ya gani, ku karɓe ta ku ajiye a ƙasan adaka, sai bayan jarrabawa ku mayar masa.